Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban WADA: ba a ba kura ajiyar nama

Zuwa ga Mista Witold Bańka,
Shugaban WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni,
Montreal, Kanada.

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malamin motsa jiki ne a wata sakandaren gwamnati a Kaduna, da yamma kuma ina horar da yara maza da mata gudu, ba don ana biyana ba, don abin yana raina. Na rubuto maka kai tsaye ne saboda na san kafin ka zama minista a Polan, kafin ka hau wannan kujerar a 2020, kai ma ɗan tseren mita 400 ne. Ka san abin da ke samun ƙafar mutum a kwanar ƙarshe, lokacin da ƙirji ke zafi kamar an zuba garwashi. Wanda ya san wannan zafin ba zai sha wahalar gane maganata ba.

Zan fara da Sunday Bada, domin a kansa abin ya fara ci mini rai. A gasar Olamfik ta Sidni a 2000, 'yan Najeriya huɗu, Clement Chukwu da Jude Monye da Bada da Enefiok Udo-Obong, sun zo na biyu a tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu. Wanda ya kalli zagayen ƙarshe ba zai manta yadda Udo-Obong ya karɓi sanda yana baya, ya dinga cin tazara har ya sha gaban ɗan Jamaika a bakin layi ba. Amurka ce ta ɗauki zinare. A 2008 ɗaya daga cikin 'yan tseren nata, Antonio Pettigrew, ya tsaya gaban kotu a shari'ar tsohon mai horar da shi, Trevor Graham, ya amsa da bakinsa cewa yana amfani da EPO, allurar ƙara jini, da sinadarin haɓaka jiki tun kafin wancan tseren. A shekarar aka ƙwace zinaren. Amma sai a Yulin 2012 Kwamitin Olamfik na Duniya ya tabbatar wa Najeriya da shi. Sunday Bada ya rasu a Legas a Disambar 2011, yana da shekara 42. Wata 7 kacal ya rage. Ya bar duniya ana kiransa mai azurfa, alhali zinare ya ci da ƙafarsa.

Abin da nake so ka lura da shi a nan shi ne, ba kwalbar fitsari ce ta kama Pettigrew ba. Shekara da shekaru ana gwada shi yana fita fes. Rantsuwar kotu ce ta kama shi.

Bara, da safiyar ranar gasar gidaje ta makarantarmu, na hangi wani yarona ɗan aji biyar ya lallaɓa bayan ɗakin ajiyar kayan wasa yana ɓare wani abu. Na je na miƙa hannu. Ya yi jim, sannan ya ɗora mini fallen tramadol, gurbi biyu babu komai. A wajen mai kyamis ya saya. Na zaunar da shi a kan tsohuwar katifar tsalle na yi masa faɗa sosai, na ce masa ko a manyan gasanni an haramta wannan ƙwayar tun farkon 2024, kuma akwai gwaji. Yaron nan bai ɗaga mini murya ba. Kansa a sunkuye ya ce, “Malam, gwajin ai talaka yake kamawa. Waɗanda ƙasarsu ta tsaya musu fa?” Na hana shi gudu a ranar, kuma ko gobe aka maimaita haka zan yi. Amma tambayar tasa ta bi ni har gida, domin na san da gaskiya a cikinta, kuma amsarta tana wurinku.

Bari mu duba alƙalumanku. Ɗakunan gwaje-gwajen da kuka amince da su suna duba dubban ɗaruruwan samfuran fitsari da jini a shekara, kuma abin da ake samu da matsala bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Wanda ya tsaya a nan sai ya ce alhamdu lillahi, wasanni sun tsarkaka. To amma a 2011, da kuɗinku, wasu masana sun tambayi 'yan wasa fiye da 2,000 a gasar guje-guje ta duniya a Daegu ta Koriya ta Kudu da gasar ƙasashen Larabawa a Doha, ta wata hanya da ke ba mutum damar faɗin gaskiya ba tare da an gane shi ba. Ƙiyasin da ya fito shi ne kashi 43.6 a Daegu da kashi 57.1 a Doha sun yi amfani da haramtaccen abu a cikin shekarar da ta gabata. Gwajin da aka yi a gasannin ya kama kashi 0.5 a Daegu, kashi 3.6 a Doha. Na san akwai masu ja da hanyar binciken, suna cewa tana iya zuzuta adadi. To a raba shi biyu, a sake rabawa, har yanzu tazarar ta isa ta hana mai kishin wasa barci. Kuma sakamakon nan sai da ya yi kusan shekara 6 ana jan ƙafa kafin ya fito a 2017.

Dalilin tazarar ba ɓoyayye ba ne. Gwaji yana neman abin da ya sani ne, a cikin ɗan lokacin da abin ke jiki. Mai yin allurar EPO kaɗan-kaɗan da dare yana iya wayar gari alamar ta dusashe, amfanin kuwa yana nan a jininsa. Sinadarin THG da ya tayar da ƙurar BALCO, kamfanin da ya riƙa ba 'yan wasa ƙwayoyi a Amurka, babu ɗakin gwajin da ya san da zamansa sai da aka aika wa hukuma ragowarsa a cikin sirinji a 2003. Wannan fa ɗan wasa ne da likitansa da ɗan kuɗinsu. Ina ga ranar da gwamnati sukutum ta shigo, da ma'aikatarta da jami'an asirinta da makullin ɗakin gwajin a aljihunta?

An riga an ga irin wannan ranar. Jamus ta Gabas, ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 17 ba, ta ci zinare 40 a Olamfik ta 1976, a nan Montreal inda ofishinka yake. Matanta masu ninƙaya sun lashe 11 daga cikin tsere 13. Tun 1974 gwamnatin ƙasar ta tsara shirin a rubuce, da lambarsa, 14.25. Kamfanin Jenapharm ke sarrafa ƙwayar, Oral-Turinabol, 'yar shuɗiya, masu horarwa na miƙa wa 'yan mata ƙanana suna ce musu bitamin ne. An ƙiyasta mutum kusan 10,000 shirin ya bi ta kansu. Ɗakin gwajin Kreischa, wanda duniya ta amince da shi, aikinsa na ɓoye shi ne ya gwada 'yan wasa kafin su fita waje. Wanda jikinsa bai washe ba sai a ce ya ji rauni, a bar shi a gida. Wato da gwajin kansa aka yi garkuwa. Ba a san zurfin ramin ba sai da katangar Berlin ta faɗi, Brigitte Berendonk da mijinta Werner Franke suka tono takardun. Muryoyin 'yan matan sun buɗe, hantar wasu ta lalace, wasu sun yi ta ɓari. Heidi Krieger, wadda ta ci zinaren Turai a jifan dunƙulen ƙarfe a 1986, an ɗura mata sinadarin maza tun tana yarinya, daga baya ta koma rayuwa a matsayin namiji da suna Andreas, kuma ya sha faɗin cewa an ƙwace masa damar sanin kansa da kansa. Manyan da suka jagoranci aikin, Manfred Ewald da Manfred Höppner, hukuncin ɗaurin je-ka-gyara-halinka aka yanke musu a 2000. Ko kwana ɗaya ba su yi a kurkuku a kan hukuncin ba.

Za ka ce a lokacin babu WADA, sai a 1999 aka kafa ta. Haka ne. Shi ya sa abin da ya faru a Sochi ta Rasha ya fi yi mini ciwo, domin a gabanku aka yi shi.

Na karanta yadda ake karɓar samfuri, har na koya wa yarana don kada ranar ta zo musu a baƙuwa. Daga lokacin da aka sanar da ɗan wasa, akwai mai rakiya da ba ya ɗauke ido daga kansa. A banɗaki sai ya ɗage riga ya sauke wando, jami'i na kallon fitsarin yana fita daga jikinsa. Mililita 90 ake buƙata. Shi da hannunsa zai raba a kwalba biyu, A da B, ya murɗa murfin har ya daina ƙara. Murfin kwalbar kamfanin Berlinger na Siwizalan yana da haƙora, idan ya kama ba ya komawa baya sai an fasa shi. 'Ya mace mai kunya haka za ta tsaya a gaban baƙuwa ta yi wannan, saboda an ce mata da haka ake kare mai gaskiya. Ta kuma yarda ta riƙa sanar da inda za a same ta na awa ɗaya a kowace rana ta Allah, idan aka rasa ta sau uku a wata 12 a dakatar da ita. Duk wannan 'yan wasa sun ɗauka.

A Sochi kuwa, a gasar Olamfik ta hunturu ta 2014, bisa shaidar shugaban ɗakin gwajin Mosko na lokacin Grigory Rodchenkov da binciken Farfesa Richard McLaren wanda ku kuka naɗa, ga abin da ke faruwa bayan an rufe kwalbar. An huda ɗan rami a jikin bango, ƙasa-ƙasa, an kare shi da kabad, tsakanin ɗakin da ake ajiye samfura da wani ɗaki da ke wajen shingen tsaro. Cikin dare ake zura kwalaben ta ramin. Wani jami'in hukumar asiri ta FSB, wanda ke shiga ginin da takardar mai gyaran famfo, ya kwashe su zuwa ginin da ke maƙwabtaka, inda suka gano dabarar cire murfin ba tare da ya fashe ba. A zubar da fitsarin mai ƙwaya, a zuba wanda ɗan wasan ya bayar watanni kafin nan lokacin da jikinsa ke wanke, wanda aka adana a firiza. Idan kaurinsa bai yi daidai da abin da aka rubuta a takarda ba, a ƙara gishiri ko ruwa. Kafin gari ya waye kwalba ta koma mazauninta. Su kuwa 'yan wasan, haɗin sinadarai uku ake narka musu a giya, su kurkure baki da shi don ya yi saurin barin jiki. Rasha da ta ci zinare 3 a Vancouver a 2010, sai ga ta da 13 a Sochi, ita ce kan gaba a teburi. Masu sa idonku suna cikin ginin da rana, kuma rahoton da suka rubuta bai hango komai daga wannan ba.

Da aka dawo aka duba kwalaben da madubin ƙara girma, sai ga ƙarce a cikin murafen. An sami fitsari mai gishirin da jikin ɗan'adam mai lafiya ba ya fitarwa. An sami ƙwayar halittar namiji a samfurin mata biyu 'yan wasan hoki. McLaren ya ce 'yan wasa fiye da 1,000 a wasanni sama da 30 suka ci moriyar tsarin tsakanin 2011 da 2015, kuma a ɗakin gwajin Mosko idan samfuri ya nuna ƙwaya, ma'aikatar wasanni ake tambaya ko a rufa ko a bari. Gwamnatin Rasha har yau tana musanta cewa da hannunta, tana kiran Rodchenkov maƙaryaci. Amma ƙarcen da ke jikin murafen da gishirin da ke cikin kwalaben ba daga bakin Rodchenkov suka fito ba.

Akwai abin da ya kamata ya tsaya muku a rai game da mutumin nan. Yana cikin waɗanda suka inganta hanyar gano ragowar turinabol a jiki bayan dogon lokaci, hanyar da ta taimaka aka kama 'yan wasa fiye da 100 da aka sake gwada tsofaffin samfuran Bejin 2008 da Landan 2012. Da irin wannan sake gwajin ne aka kama Yulia Chermoshanskaya ta Rasha a 2016, tagullar matan Najeriya a tseren mita 100 sau huɗu na Bejin ta koma azurfa. Da shi ne Mariam Usman, wadda aka ce ta zo ta biyar a ɗaga nauyi a Bejin, ta sami tagullarta bayan shekaru, babu dandamali, babu tuta, babu jama'a. Mutumin da ya san yadda ake kamawa shi ne ya fi kowa sanin yadda ake kuɓucewa, kuma albashinsa daga gwamnatin da ke son zinare yake fitowa. Mu a nan cewa muke yi an ba kura ajiyar nama.

To wa ya tona? Mutane ne. Vitaly Stepanov, ma'aikacin hukumar gwajin Rasha, tun 2010 yake aiko muku da saƙonni. Shekara huɗu babu abin da ya motsa, sai da shi da matarsa Yuliya, 'yar tseren mita 800, suka naɗi muryoyi da hotuna a ɓoye suka ba ɗan jaridar Jamus Hajo Seppelt, tashar ARD ta watsa a Disambar 2014. A 2012 Darya Pishchalnikova, mai jifan faifai, ta rubuto muku tana amsa laifinta tana bayyana yadda tsarin yake, kuma jaridar New York Times ta ruwaito cewa saƙon nata ya ƙare a hannun jami'an da take zargi. Shekara 10 aka dakatar da ita. Na ji hanzarinku cewa kafin 2015 dokarku ba ta ba ku ikon bincike ba. Ko da babu ikon bincike, akwai ikon rufa wa mai kawo ƙara asiri. Yuliya kuwa, sakayyar da ta samu ita ce Kwamitin Olamfik ya hana ta gudu a Rio a 2016, aka yi kutse a shafinta na bayanan inda take, ita da mijinta da ɗansu suka sake sauya maɓoya. Duk ɗan wasan da ke da abin faɗi a yau ya ga yadda aka yi da su.

Abin da ya biyo baya ba sai na ja shi ba. Rasha ta je Rio. Ta je Olamfik ta Pyeongchang a 2018 da wani suna, ta je ta Tokiyo a 2021 da ta Bejin a 2022 da wani sunan. A 2018 kun mayar da hukumar gwajinta bakin aiki kafin ta cika sharuɗɗa, a 2019 ta miƙo muku bayanan kwamfutar ɗakin gwajin Mosko an goge wasu an sauya wasu. Kun yanke shekara 4, kotun wasanni ta Lausanne ta mayar da shi 2. Shugaban hukumar guje-guje ta duniya na wancan lokacin, Lamine Diack, ɗan nahiyarmu daga Senegal, kotun Paris ta same shi da laifin karɓar kuɗi don a danne shari'un 'yan Rasha. Ban ji daɗin rubuta wannan ba, amma haka ya faru. A ƙarshe wadda duniya ta zuba wa ido tana kuka a kan ƙanƙara a 2022 ita ce Kamila Valieva ta Rasha, yarinya 'yar shekara 15. Ita aka dakatar shekara 4. Yarinya mai wannan shekarun ba ita ke zaɓar abin da ake ba ta ba. Ina manyan da ke kewaye da ita?

Sai maganar Sin, wadda a zamaninka ta faru. A farkon 2021 masu ninƙaya 23 na ƙasar sun nuna trimetazidine, maganin zuciya, irin wanda aka samu a jikin Valieva. Hukumar gwajin ƙasar ta ce daga kicin ɗin otal ɗin da suka sauka ya gurɓata abincinsu. Kun karɓa, ba ku ɗaukaka ƙara ba, ba a dakatar da kowa na wucin gadi ba, ba a sanar da jama'a ba. Wasunsu suka je Tokiyo suka ci lambobi. Sai a Afrilun 2024 duniya ta ji, daga bakin 'yan jarida. Na san kun ɗauko mai bincike daga Siwizalan, Eric Cottier, ya ce bai ga son kai a matakinku ba. Ni ban ce yaran nan sun yi maguɗi ba, ba ni da hujjar faɗin haka, kuma gurɓatar abinci abu ne da ke faruwa. Abin da nake cewa shi ne, ƙasar da ake tuhumar 'yan wasanta ita ta yi bincike, ita ta yanke hukunci, ku kuma kuka yi shiru shekara 3. Idan suna da gaskiya, shirun ya cuce su, domin yanzu kowa kallon zargi yake musu. Kuma don kada a ce na ɗauki ɓangare, ku da kanku kun bayyana a 2024 cewa hukumar gwajin Amurka ta taɓa barin wasu da ta kama su ci gaba da gasa don su riƙa kawo mata bayanai. Wannan ma ƙasa ce ke yanke wa kanta hukunci a ɗaka.

Ba zan taka laifinmu in hango na wasu ba. Blessing Okagbare, 'yar tserenmu wadda yarana mata ke liƙa hotonta a littafi, an cire ta daga Tokiyo ana shirin zagayen kusa da na ƙarshe, hukuncinta ya kai shekara 11, kuma ta cancanci hukunci. Chika Amalaha tana da shekara 16 aka ƙwace zinarenta na ɗaga nauyi a Glasgow a 2014. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma dubi abin da ya sami wasu 10 a Tokiyon. Ba a kama su da komai ba. Doka ta ce ɗan wasan ƙasar da ke rukunin masu haɗari, irin Najeriya, sai an yi masa gwajin ba-zata sau uku a cikin wata 10 kafin gasa. Jami'anmu ba su shirya gwajin ba. Yara sun riga sun isa Japan, sun sa kayan ƙasa, aka ce su koma gefe. Na ga hotonsu riƙe da kwalaye suna zanga-zanga a ƙauyen 'yan wasa, na rasa abin da zan ce wa nawa yaran. Ɗaya daga cikinsu, Annette Echikunwoke, ta koma wakiltar Amurka, ta ci azurfa a jifan guduma a Paris a 2024. Na san hukumar guje-guje ce ta zartar da waccan dokar, kuma sakacin na jami'anmu ne, ban wanke su ba. Amma ka haɗa hotunan biyu a shekara guda: mutum 10 da ba a sami komai a jikinsu ba suna zaune a gefe, mutum 23 da aka sami abu a jikinsu ba wanda ya ma ji labari. Wannan shi ne abin da yarona yake nufi, ko da bai san sunayen ba.

Saboda haka ga roƙona, Yallaɓai. Babba a ciki shi ne a raba ƙasa da gwada manyan 'yan wasanta. Duk wanda ya kai matakin zuwa Olamfik ko gasar duniya, hukumar da ba ta cin albashin gwamnatinsa ce ya kamata ta karɓi samfurinsa, a kai shi ɗakin gwajin wata ƙasa, wasu alƙalai na daban su yanke hukunci. An kafa hukumar gwaji mai zaman kanta a Lausanne a 2018, hukumar guje-guje ma ta kafa tata a 2017, kuma an ga yadda ta riƙa kama manya ba sani ba sabo. Hanyar a buɗe take, a faɗaɗa ta ta hau kan kowa, Amurka da Sin da Rasha da Kenya da mu. Ƙasar da ta karɓi baƙuncin gasa kuma kada a sake barin makullin ɗakin gwaji a hannunta ita kaɗai.

Duk samfurin da ya nuna haramtaccen abu a faɗa wa duniya, ko da daga baya an wanke mai shi. A faɗi dalilin wankewar, a bar masana na waje su duba. Kuɗin da kuke zubawa a ƙirga yawan kwalabe, a karkatar da kaso mai tsoka zuwa ga masu bincike da kare masu tona asiri, da wurin zama da abin rufin asiri da lauya, domin Jamus ta Gabas da BALCO da Sochi duk ta bakin mutane da takardu aka san su. Dokar Amurka mai sunan Rodchenkov ta kai mutumin da ya samar wa Okagbare ƙwayoyi, Eric Lira, kurkuku. Kun nuna damuwa da dokar saboda ƙasa ɗaya ce ke miƙa hannu waje da iyakarta. Na fahimci damuwar. To ku kawo wadda ta fi ta, wadda za ta kai ga likita da mai horarwa da darakta da minista, tunda har yau yawanci yaron da ya yi fitsarin ne kaɗai ke ɗaukar kaya.

Na san inda gizo ke saƙa. Rabin kuɗinku daga gwamnatoci yake zuwa, rabi daga Kwamitin Olamfik, kuma su ne ke zaune a kujerun majalisarku. Wanda ya gabace ka, Craig Reedie, yana shugabancin WADA yana kuma mataimakin shugaban Kwamitin Olamfik lokacin da rikicin Rasha ya ɓarke. Ɗaya na son tutarsa ta tashi, ɗaya na son gasarsa ta sayu a talabijin. Da Amurka ta ji haushinku kan maganar Sin, riƙe kuɗinta ta yi, dala miliyan 3.6. Hukumar da za a iya murɗe wa wuya da kuɗi haka ba za ta iya kallon babbar ƙasa ido cikin ido ba. Ka fito ka faɗi wannan a fili, ka nemi hanyar samun kuɗi da ba ta bi ta aljihun waɗanda kuke sa wa ido ba, ko da wani ɗan kaso ne daga kuɗin watsa gasanni. Kana wa'adinka na ƙarshe, babu ƙuri'ar da kake nema.

Mu kuma a wannan nahiyar, ɗakunan gwajin da kuka amince da su ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, na Bloemfontein ma kun dakatar da shi a 2024. Samfurin ɗan wasanmu sai ya hau jirgi, da kuɗin waje, a cikin sanyi, kafin ya lalace. Idan za a tsananta mana doka, kuma ina goyon bayan a tsananta, to a kafa asusun da zai biya gwajin yaron da ya cancanci gasa kai tsaye, a hukunta jami'in da ya yi sakaci da sunansa, kada a sake sauke fushin a kan wanda ya yi shekara huɗu yana atisaye. Lambar da aka ƙwace kuma a sa mata wa'adi, a miƙa wa mai ita a filin wasa, a buga masa taken ƙasarsa yana da rai. Shekara huɗu tsakanin amsa laifin Pettigrew da tabbatar wa su Bada haƙƙinsu ba ta da wani dalili da zan iya faɗa wa iyalinsa.

Yaron nan ya dawo atisaye. Mita 1,500 yake gudu, kuma tun daga ranar, kafin a fara yakan zazzage aljihunsa a gabana ba tare da na tambaya ba. Na yi masa alkawarin zan kai tambayarsa inda ya dace. Ga ta na kawo. Idan amsa ta zo, a bakin fili zan tara su in karanta musu ita da Hausa.

Naka cikin girmamawa,
Wani malamin motsa jiki,
Kaduna, Najeriya.